Takardar haihuwa da neman salsala a karkarar Kano da Jigawa

Duk wanda ya ɗaura niyyar rubuta salsalar gidansu a Jahun, ko Ɓaɓura, ko Sumaila, ko Ƙaraye, ya kwana da sanin cewa rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ba za ta kai shi nesa ba. In ya taki sa'a za ta ba shi 'ya'yansa da shi kansa, wataƙila har da mahaifinsa idan ya yi boko ko aikin albashi. Daga kaka zuwa sama sai an bi ta kotu, ta makaranta, ta rasit ɗin haraji, da bakin tsofaffi. Duk da haka da ita ya kamata a fara, domin a kanta mai bincike zai koyi aikin da zai yi ta maimaitawa: ya tambayi kowace takarda wa ya faɗi abin da ke cikinta, yaushe aka rubuta ta, kuma me ake nema da ita a ranar.

Dokar da ake aiki da ita yau ita ce Doka ta 69 ta 1992, wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya, ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. An yi wata irinta a 1979, amma ba ta yi tasiri a ƙauyuka ba. Tsarin mulkin 1999 kuma bai raba gardama ba: a wani jadawali ya ba Hukumar Ƙidaya aikin, a wani jadawalin ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shi ya sa a gari ɗaya ake iya samun littattafai iri biyu a hannu biyu, kuma wanda ya tambayi ofis ɗaya ya juya bai gama tambaya ba.

Binciken MICS na 2021 kan halin yara da mata a gidaje, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da rajista a faɗin ƙasar. A Jigawa adadin bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Yaran zamanin wayar hannu ke nan, balle waɗanda aka haifa a 1975 a hannun ungozoma. Mutuwa ta fi haka rauni. Mutum ya cika da hantsi, an sallace shi kafin azahar, kabari ba rubutu, kuma ba mai neman takarda sai in akwai fansho, ko garatuti, ko kuɗi a banki da za a karɓo. Saboda haka takardun mutuwa da ake samu galibi na maza ne ma'aikata. Manomi da maƙeri da kusan dukkan mata sukan wuce ba tare da alƙalamin hukuma ya taɓa su ba.

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, wato fom B2, tana ɗauke da sunan yaro, jinsinsa, rana da wurin haihuwa, cikakken sunan uba da na uwa, cibiyar rajista, ƙaramar hukuma, jiha, da ranar da aka ba da ita. Akwai wasu abubuwa uku a jikinta da mutane ba su cika kallo ba: lambar kundi, shekara, da lambar shigarwa. Da su ake gano layin yaron a babban littafi. Littattafan da hannu aka cike su, a jere bisa yadda mutane suka zo rajista, don haka wanda ya je da suna kawai ya ce a nemo masa yaron da aka haifa wajen 1998 ya ɗora wa ma'aikaci aikin mako guda. Idan takardar ta ɓata, a duba ta ɗan'uwan da aka yi musu rajista rana ɗaya, lambobinsu kan kasance a maƙwabtaka. Fom B1, wanda ake cikewa kafin a rubuta B2, ya fi ta bayani, don yana tambayar shekarun uwa, sana'ar iyaye, na nawa ne yaron a haihuwar uwarsa, da wanda ya kawo labarin. Tsarin rajista ta kwamfuta da aka ƙaddamar a Nuwamban 2023 ya fi amfanar haihuwar yanzu. Tsofaffin kundi kam ƙafa ce ke kai mutum gare su, da katin shaida a aljihu, da takardar roƙo mai bayyana dangantakarsa da wanda ake nema. Wasiƙar dagaci ko hakimi tana sauƙaƙa abubuwa.

Abu uku ne jama'a ke kira takardar haihuwa, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wadda aka yi yaro yana goye. Akwai wadda aka yi masa yana ɗan shekara bakwai ko goma sha biyu, lokacin da ma'aikata suka zo rajistar gayya ko makaranta ta nema. Akwai kuma takardar tabbatar da haihuwa da hukumar ke ba baligi, wadda tushenta takardar rantsuwar shekaru ce da aka yi a kotu. Ana bambance su ta hanyar auna tazarar da ke tsakanin ranar haihuwa da ranar bayarwa. Wata biyu, shaida ce mai ƙarfi. Shekara ashirin da biyar, tuni ne ko ƙiyasi aka buga wa hatimi. Alƙali ba ya karɓar shaida don ya zo da babbar riga, sai ya bincika ko ya ga abin da idonsa, ko yana da wata riba a shari'ar. Takarda ma sai an yi mata irin wannan tazkiyya.

Ribar kuwa sananniya ce. Bautar ƙasa ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki. Soja da ɗan sanda suna da iyakar shekarun ɗauka. Duk waɗannan suna jan shekaru ƙasa, don haka idan takardar rantsuwar ma'aikaci ta karkace, yawanci wajen ragi take karkacewa. Katin zaɓe da lasin tuƙi su kuma suna tura na matasa sama, a kai 18. Tsofaffi nasu ƙari ne na girma, shi ya sa kusan kowane ƙauye ke da dattijon da ake cewa ya haura ɗari. Ranar 1 ga Janairu a takarda kusan kullum tana nufin ba a san ranar ba, haka ma shekarun da ke ƙarewa da sifili ko biyar suna bukatar a sake dubawa.

Tarkon da ya fi kama masu bincike shi ne yawan takardu. Mutum ya jera katin NIN, da BVN, da katin zaɓe, da fasfo, da takardar indijin, ya ga duk sun ce 1962, ya ce shaidu biyar sun haɗu. Alhali BVN a 2014 aka fara ta, hukumar NIMC a 2007 aka kafa ta, kuma dukkansu daga takardar rantsuwa guda aka kwafo shekarar. Shaida ɗaya ne ya yi magana sau biyar. Abin da ya fi inganci a irin waɗannan takardu shi ne sunan uba da sunan gari, don ba a cika samun dalilin sauya su ba. Ko wanda aka rubuta a matsayin mai rantsuwa, aka ce kawu ne ko baffa, sai an tambaya a gida, domin wani lokaci wanda aka samu a kusa da kotu ne ya sa hannu.

Sai maganar suna, inda aikin ya fi cin lokaci. Bahaushe ba shi da sunan dangi da ke bin zuri'a daga kaka zuwa jika. Sunan uba ake jingina wa yaro, saboda haka suna na biyu yana sauyawa a kowane hawa. 'Yan boko sun ƙara da sunan gari, kamar yadda Abubakar Rimi ya ɗauki Rimi ta ƙasar Sumaila, Kwankwaso ya ɗauki garinsu na Madobi, Ganduje na Dawakin Tofa. Wannan taimako ne, don yana nuna inda mutum ya taso, amma wani lokaci garin da aka yi firamare ne, iyayen kuma daga wani wurin suka zo. A fom na zamani da ke neman suna uku, wa yakan sa sunan kaka a gurbin ƙarshe, ƙane ya sa sunan gari, ƙanwa ta sa na miji, a ga takardu uku kamar na gida uku.

Mutum ɗaya kuma yana iya fitowa da fuska huɗu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba a bakin Fulani. Abdullahi Audu ne, Usman Shehu ne ko Mani, Umaru Sanda ne, Zakariyya Ya'u ne, Ibrahim Iro ne. A mata, Fatima Binta ce, Hauwa Kulu ce, A'isha Indo ce ko Shatu, Hadiza Dije ce, Zainab Abu ce. Wanda bai riƙe wannan ba zai rubuta kaka ɗaya a matsayin mutum biyu, ko ya ba kakansa mata biyar alhali uku ne. Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u har zuwa Ashiru asalinsu Muhammadu ne da lambar jeri, suna nuna na nawa ne yaro cikin maza, ko da yake gidaje da yawa ba sa bin lissafin sau da ƙafa.

Laƙabi ya fi sunan yanka ba da labari. Gambo yana bin tagwaye, don haka in an ga Gambo ba a ga Hassan da Husaini ba, akwai yara biyu da suka ɓace daga lissafi, mai yiwuwa sun rasu suna ƙanana. Tanko namiji ne bayan mata, Kande ko Delu mace ce bayan maza, Auta ya rufe ɗaki, Talle ya tashi da maraici, Ajuji ya zo bayan an yi ta binne yayyensa. Ɗan'azumi da Tasalla sun faɗi watan haihuwarsu. Sannan sunayen sakaya: yaron da ake kira Abba ko Baffa ko Abbati, da yarinyar da ake kira Ummi ko Uwani, sunan wani babba suka ci wanda ake kunyar faɗa. A tambayi sunansu na yanka, sau da yawa an samu sunan kaka ke nan ba tare da takarda ba. Wannan kunya ita ce dalilin da ya sa ba a matsa wa tsohuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari. A tambayi kishiyarta, ko ƙanwar mijin, ko a kira sunan a bar ta ta gyaɗa kai.

Riƙo ma yana karkatar da takarda. Yaron da gwaggo ko kawu ko yayan uba ya ɗauka yakan shiga makaranta da sunan mariƙinsa, sunan ya bi shi har satifiket, har fayil ɗin aiki, har takardun 'ya'yansa. Haka agola, haka almajirin da ya zauna garin malaminsa bai koma ba. Kowa a ƙauye ya san gaskiyar, takardar ce ba ta sani ba.

A rajistar ɗaukar ɗalibai ta firamare ake yawan gano inda sunan ya juya. Littafin yana da lambar ɗalibi, sunan uba ko mariƙi, ranar shiga da shekaru, kuma yakan zauna a ofishin hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ranar shiga abin dogaro ce. Shekarun kuwa ƙiyasi ne, a da har cewa ake yi yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Da aka fara shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a Satumban 1976, an kwashi ɗan shekara shida da ɗan goma sha ɗaya an zuba aji guda, an rubuta musu shekaru kusan ɗaya. A zamanin En'e kuma, lokacin da ake gudun boko, an sha tura ɗan bara a madadin ɗan maigida, wani lokaci da sunan maigidan.

Sanin ofishin da za a nufa yana bukatar sanin taswirar shekarar da ake bincike. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, an cire Jigawa daga cikinta ranar 27 ga Agustan 1991. Duk takardar mutumin Gwaram ko Birniwa ta kafin wannan rana Jihar Kano za ta ce, kuma fayil ɗin tsohon ma'aikaci yana iya kasancewa a Kano ko a Dutse. Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Haɗejiya da Gumel da Kazaure kowace da En'e ɗinta, amma Dutse, Ringim, Birnin Kudu, Gwaram, Jahun da Ɓaɓura gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Bayan nan an yi ta yanka ƙananan hukumomi har 1996, Kano ta tsaya a 44, Jigawa a 27. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi daga Kazaure suka fito, Bunkure da Kibiya daga Rano, Makoɗa daga Dambatta. Tsofaffin littattafai sukan zauna a uwar ƙaramar hukuma, ba sa bin sabuwa. Garuruwa ma suna tashi: dam ɗin Tiga a shekarun 1970 da na Challawa bayansa sun tayar da ƙauyuka, ambaliyar kwarin Haɗejiya tana yin nata. Ga kuma sunaye masu maimaituwa, Sabon Gari da Tsakuwa da Rimi da Kanya ba adadi, don haka kowane ƙauye a rubuta shi da gundumarsa. A takardun Turawa a nemi Haɗejiya da rubutun Hadeija, Gumel da Gummel, kuma kada a sa ran ganin ƙugiya a kan haruffa.

A ganina babu takardar hukuma da ta kai ta rabon gado amfani ga mai neman salsala a wannan yanki. Dalili shi ne a nan kowa yana da ribar faɗin gaskiya, ko aƙalla ribar hana wani yin ƙarya. Ba a raba gona sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙali da shaidu: matan aure, 'ya'ya maza da mata, iyayen mamaci in suna raye. Matan da rajistar haihuwa da ta haraji suka tsallake, a nan suke fitowa da sunayensu. Kason kansa yana magana. Tumuni ga mata yana nufin mamacin ya bar zuriya, rubu'i yana nufin bai bari ba. Sudusi ga uwa yana nuna ta rayu bayan ɗanta. Iyakokin gonar, gabas da wane, yamma da wane, sukan fito da 'yan'uwan uba, domin gandu ɗaya ne aka taɓa tsagawa.

Amma jerin magada ba shi ne jerin 'ya'ya ba. Ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa ba ya cikinsa, matar da aka saka ta gama idda ba ta cikinsa, ko da ita ce uwar rabin gidan. Kuma yawancin gado a ƙauye malamin gari ne ke raba shi a zaure, ba ya zuwa kotu sai an yi rigima. Inda ya je, a tuna cewa kotunan alƙalai na En'e sun koma kotunan yanki a ƙarƙashin jiha wajen 1968, sannan kotunan Shari'a daga 2000. A fara da rajistaran kotun da ke garin hakimi, a zo da sunan mamaci, ƙauyensa, da ƙiyasin shekarar da bai wuce tazarar shekara biyu ko uku ba. Tsofaffin littattafai muhuti ne, wato magatakardan alƙali, ya rubuta su da Larabci ko ajami, sai a tafi da mai iya karanta rubutun hannu irin na da. Na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, kuma cike suke da shari'un gona da gado na mutanen karkara.

Aure ba shi da yawan abin faɗa. An ɗaura a ƙofar gida da waliyyi da shaidu da sadaki, an raba goro, an watse. Rajistar aure ta dokar gwamnati ba ta shafi yawancin gidajen nan ba. Abin da kan rage shi ne takardar saki ta hannu, ko shari'ar hul'i a kotu, ko katin gayyata daga shekarun baya-bayan nan.

Rasit ɗin haraji shi ne takardar da talakan da ya fi adanawa, don rashinsa a hanya yana jawo kamu. Yana nuna sunan magidanci, ƙauye, gunduma da shekara. Idan an samu jerinsu a adaka, na farko yana nuna lokacin da aka ga saurayi ya isa biya, sauyin ƙauye a tsakiya yana nuna ƙaura. Ana ɓoye samari daga malamin haraji kamar yadda ake ɓoye shanu daga jangali, don haka rasit na farko yana iya makara da shekara biyu ko uku. Zaren ya yanke a 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, har da yankin da ya zama Jigawa. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano, inda aka yi harajin taki, an auna gonaki an rubuta masu su, wannan ma hanya ce.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Kano, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma da jami'an Turawa suka rubuta da Ingilishi. Suna kawo sunayen hakimai da dagatai, jerin ƙauyuka, yawan jama'a, sana'o'i, da abin da aka gaya musu game da kafuwar gari. Gidan sarauta zai amfana sosai. Talaka da wuya ya ga sunan kakansa, sai dai ya ga ko ƙauyensu ya wanzu a shekarar, da wanda ke riƙe da shi. Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa su ma wuraren tambaya ne. Ƙidayar jama'a ta 1952, 1963, 1991 da 2006 kuwa alƙaluma take bayarwa, ba sunayen gida-gida ba.

Inda takarda ta ƙare, ana kafa shekara da abin da ya faru. Kada a tambayi tsoho shekararsa nawa. A tambaye shi me yake iya yi lokacin wani abu da kowa ya sani: yana goye, yana kiwon awaki, ya fara azumi, ko ya yi aure. Irin waɗannan turaku da aka tabbatar da shekararsu suna da yawa. Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗejiya a 1906. Yunwar Kakalaba 1914, ta 'Yan Buhu 1927, ko da yake sunan yunwa yana bambanta daga gari zuwa gari. Jirgin ƙasa ya isa Nguru ta Ringim da Malam Madori a 1930. Sarki Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, an naɗa Ado Bayero a 1963. Zuwan Sarauniya 1956, kisan Sardauna Janairun 1966, komawa tuƙin dama 1972, fitowar naira da babban fari 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine Disamban 1980, canjin kuɗi 1984, ɓallewar dam ɗin Bagauda 1988. Turke ɗaya ba ya isa. A sami biyu, ɗaya kafin haihuwar ɗaya bayanta, sannan a gwada da sa'o'in mutum, waɗanda aka yi musu kaciya tare ko aka yaye su damina ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu yana da shekara tabbatacciya, ta haska sauran. Jerin haihuwar uwa ɗaya ma ma'auni ne: da shayarwa ta kusan shekara biyu, tazarar da aka saba gani shekara biyu zuwa uku ce, kuma giɓin shekara shida yakan nuna ɓari, ko yaron da ya rasu, ko zaman zawarci.

Watan Musulunci yana ba da wata dabara. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi yana zagaye damina da rani cikin kusan shekara 33. Ya faɗo a watan Agusta wajen 1912 zuwa 1913, da 1945 zuwa 1946, da 1978 zuwa 1979, da 2010 zuwa 2011. Wanda aka ce an haife shi da azumi ana tsakiyar marka, takardarsa kuma ta ce 1955, ɗayan biyun ya kuskure, domin azumin 1955 a bazara ya faɗo, tsakanin Afrilu da Mayu. Gidajen malamai sukan rubuta haihuwa a bangon littafi ko a wata warƙa cikin gafaka, da rana da wata da shekarar Hijira, kuma irin wannan rubutu ya fi takardar rantsuwa ƙarfi nesa ba kusa ba, don a makon aka yi shi kuma ba a neman komai da shi. A ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622: 1350 ta ba da 1931, 1380 ta ba da 1960, da yiwuwar kuskuren shekara ɗaya. Idan da ramzi aka rubuta, wato shekara da haruffa a maimakon lambobi, a lura cewa lissafin haruffa na Magariba malamanmu suka bi, inda harafin shinun ke matsayin 1000. Wanda ya yi amfani da lissafin Gabas, inda shinun 300 ne, zai ɓata da ƙarnoni.

Sunan rana ma gwaji ne mai sauƙi. Jummai ko Ɗanjuma da kalandar waya ta nuna ranar haihuwarsu ta takarda Talata ce, ranar ƙirƙira ce. Sai dai a tuna rana tana farawa daga magariba, wanda aka haifa Alhamis bayan isha'i a daren Juma'a ya zo, kuma wani ya gaji laƙabin ne daga mai sunansa.

Bincike irin wannan yakan tono abin da gida ya binne. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma littattafan alƙalai na farkon ƙarnin suna da shari'un fansar bayi da murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa, da sunayen mutane. Za a iya cin karo da kakan da ya fito daga rinji, ko wanda ya musulunta daga Maguzanci, ko cikin da aka yi gardama a kansa, alhali labarin gida yana cewa daga Barno ko Malle aka zo. Hujja ɗaya ba ta isa a rushe labarin gida ba, sunaye suna kama da juna. In ta tabbata, a kai wa manyan gida kafin a kai ko'ina, don magana irin wannan tana taɓa auren 'ya'yan mutane da gonakinsu. Lambar NIN da hoton takardun rayayyu ba abin sakawa a zauren WhatsApp na dangi ba ne.

Wajen rubutawa, kowane mutum a ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, sunan da ke takarda, uba, uwa da garinsu, mariƙi in akwai. Uwa ita ce ke raba 'yan uba da 'yan ɗaki, kuma ita aka fi mantawa. A gaban kowace shekara a rubuta inda aka samo ta da ranar da aka samo. Idan rasit ya ce abu kaza, gwaggo ta ce wani, a rubuta duka biyun a nuna wanda aka rinjayar da dalili, kada a goge ɗaya. Hira da tsofaffi a ɗauke ta a waya da izininsu, maza daban mata daban, don a gaban maigida tsohuwa takan yi shiru.

Takardun kansu a ɗauki hotonsu gaba da baya, a hasken rana cikin inuwa, gefunan su fito, domin lambar kundi da hatimi a gefe suke. Kada a kai tsohuwar takarda a manne ta da leda mai zafi: zafin yana cin tawada, ba a iya cirewa, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar wadda aka yi wa haka. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu, a cire ƙusar ofis da ta yi tsatsa, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan wani abu nesa da bangon ƙasa saboda gara da danshin damina. Hotunan kuma a ajiye su a wurin mutum biyu ko uku a garuruwa daban-daban.